Yadda Na Yi Jinyar Yanka da Targaɗe a Damagaram, Daga Ɗinki Har Zuwa Tsayuwa da Ƙafa Ɗaya

Duk wanda ya taɓa kwanciya da rauni a garin nan na Damagaram ya san cewa masu zuwa gaisuwa ba sa tashi sai sun bar masa magani, kuma sau da yawa maganin wannan yakan ci karo da na wancan. Na rubuta wannan bayani ne domin wanda irin abin da ya same ni zai samu ya san inda zai fara, da abin da zai riƙe a hannu, da kuma tsawon lokacin da jiki ke ɗauka kafin ya gyara kansa, domin a wannan batu na lokaci ne na ga mun fi ruɗewa. Abin da ya faru bai da tsawo. Bayan ɗaukewar damina, lokacin da ruwa ya zaizaye hanyoyin unguwa ya tara rairayi a kowace kwana, kabu-kabun da ya ɗauko ni daga wajen Kasuwar Dole ya zame muka faɗi, ƙafata ta dama ta lanƙwashe ta ciki, wani ƙarfe na babur ɗin ya yanke ni a ƙwauri, gwiwata kuma ta kurje da ƙasa.

Kafin in iya zama sosai jama'a sun taru. Wani ya ce a zuba man birki, wani ya ce a samo toka, wani dattijo kuma ya rantse cewa babu abin da ke tsayar da jini kamar garin taba. Allah ya haɗa ni da wani mai shago da ya kwarara ruwan leda a kan ciwon, ya ninke sabon ƙyalle ya danne wurin da ƙarfi, bai ɗaga ya leƙa ba har aka saka ni a adaidaita zuwa ƙaramin asibitin unguwa, wato CSI. A can abin farko shi ne taga, inda ake biyan kuɗin tikiti a karɓi rasit, wanda ba shi da karne kuma ya sayi sabo, domin a cikinsa ake rubuta duk abin da aka yi wa mutum. Abin da na kashe a wannan mataki bai kai jaka 2 ba. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, da ya buɗe ƙyallen sai ya ce, “Malam, wanda ya danne maka ciwon nan ya rage mana aiki.” Yana wankewa yana yi mini bayani cewa da zarar an yanke, hanyoyin jinin da ke wurin sukan tsuke da kansu, wasu ƙananan ƙwayoyi da ke cikin jini su taru su manne a bakin ramin, sannan jinin ya daskare ya riƙe su, duk a cikin 'yan mintoci. Dannewa na taimaka wa wannan aiki, ɗagawa a leƙa kuma na warware shi, toka da man birki kuwa datti suke ƙarawa su kuma kashe naman da ke raye. Da ya ga zurfin yankan da yadda idon sawuna ya riga ya tashi, sai ya ɗaure wurin ya rubuta takardar turawa zuwa babban asibiti.

A sashen gaggawa na babban asibiti ne na gane amfanin ɗan rakiya. Ƙanena ne ya yi ta zirga-zirga tsakanin wurin biyan kuɗi da farmasi da ɗakin hoto, abin da mai ciwon ƙafa ba zai iya ba ko yana da kuɗin a aljihu. Mun yi zaman jira mai ɗan tsawo a kan benci, ina ganin ana shigar da waɗanda suka zo bayana, raina ya fara sosuwa har sai da na lura cewa waɗanda ake shigarwa masu numfashi sama-sama ne da waɗanda suka bugu a kai. Da layi ya zo kaina, likita ya duba takardar turawa da karne, ya rubuta ordinansi, wato takardar sayen magani, mai ɗauke da zaren ɗinki, da safar hannu, da auduga mai tsabta ta rufe ciwo, da maganin wanke ciwo na Betadine, da allurar kashe zafi, ya ce a sayo. Kafin ya ɗinke sai da ya tambayi lokacin da na faɗi, domin yanka mai datti an fi son a rufe shi cikin sa'o'i 6 zuwa 8 na farko, in ya daɗe fiye da kima yakan zama haɗari a kulle ƙwayoyin cuta a ciki. Wankin ya fi ɗinkin daɗewa, kuma ya fi shi ciwo, musamman a gwiwa inda ya yi ta tsince tsakuwa da rairayi ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan ya tambaye ni yaushe rabona da allurar tetanos, na rasa amsa, domin tun ta yarinta ban san an sake yi mini ba. Ya ce haka yawancin maza suke, mata su kan samu tasu a wurin awon ciki. Ƙwayar cutar tana zama cikin ƙasa da kashin dabbobi, ta shiga ta rauni ta sandare jiki ta sarƙe haƙora, shi ya sa a rauni mai datti ake sabunta rigakafin idan ya wuce shekara 5. An yi mini allura biyu a wurare daban-daban, ɗaya mai ba da kariya nan take amma ba ta daɗewa, ɗaya kuma ita ce rigakafin da ke koya wa jiki kare kansa, wadda aka rubuta mini ranar komawa domin ta gaba. Wannan rana tana cikin karne, kuma tana da saurin mantuwa idan ciwo ya rufe.

Sai batun idon sawu. Likitan ya danna bayan ƙasusuwan nan biyu da suka turo a gefe da gefe, ya danna ƙashin gefen tafin ƙafa, sannan ya ce in gwada taku 4. Na kasa. Ya bayyana mini cewa ba kowane targaɗe ne ke bukatar hoto ba, akwai ƙa'idar da likitoci a Ottawa ta ƙasar Kanada suka fitar a shekarar 1992, wadda ta nuna cewa wanda ya iya taku 4 kuma ƙashinsa ba ya ciwo a waɗannan wurare da wuya a same shi da karaya. Ni tunda na kasa, sai aka tura ni hoto, wanda shi ne ya fi komai cin kuɗi a ranar. Jimillar abin da ya fita daga aljihuna tsakanin kayan ɗinki da allurai da hoto da magunguna ta haura jaka 20, kuma duk tsabar kuɗi ne a wurare daban-daban, kowanne da rasit ɗinsa. Hoton ya fito ƙashi lafiya lau, na yi hamdala ina tsammanin magana ta ƙare. Likitan ya ce, “Malam, hoton nan ƙashi kawai yake nunawa. Jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi ta gefen waje ne suka yage.” Ya ce targaɗe hawa 3 ne, akwai wanda jijiyar ta miƙe kawai, akwai wanda ta yage ba ta rabu ba, akwai wanda ta tsinke gaba ɗaya, nawa kuma na tsakiya ne. Ya naɗe ƙafar da bandeji mai talewa, ya rubuta farasitamol da maganin kashe ƙwayoyin cuta saboda dattin da ya shiga yankan, ya ce in nemi sandunan dogarawa.

Kwanakin farko a gida su ne mafi wuya, kuma a cikinsu na fi samun saɓanin shawara. Ƙafar ta kumbura har ƙashin idon sawu ya ɓace, ta yi zafi, sannan fatar ta yi duhu har zuwa gindin 'yan yatsu, inda ban bugu ba. Kawuna da ya gani sai ya ce lallai a kira maɗori ya ja ƙafar ya mayar da ita wurinta. Na miƙa masa hoton na ce, “Kawu, ka ga ƙashin yana wurinsa, babu abin da za a ɗora.” Ya daɗe yana kallonsa ta wajen hasken ƙofa kafin ya ce, “To, Allah ya sawwaƙe, amma ko gashi da ruwan zafi a yi.” Shi ma gashin likita ya hana a kwana 2 zuwa 3 na farko, domin zafi da murza suna buɗe ƙananan hanyoyin jinin da suka fashe su ƙara zubar jini a ciki. Ba na raina maɗoranmu, da yawansu gado suka yi kuma mutanen karkara ba su da wani kusa da ya wuce su, amma jan jijiyar da ta riga ta yage ƙara yaga ta ne, ɗaurin da ya yi tsanani kuma yana iya hana jini zuwa 'yan yatsu. Duhun da ya sauka ƙasa kuwa jinin da ya zuba a ƙarƙashin fata ne nauyinsa ya gangaro da shi, kuma a hankali jiki ya shanye shi.

Abin da aka umarce ni shi ne in huta, in ɗora ƙafar a kan matashi ta fi ƙirjina tudu idan na kwanta, in bar bandejin a ɗaure ba tare da ya matse ba, in kuma ɗora ƙanƙara na minti 15 zuwa 20 a naɗe cikin ƙyalle, kada ta taɓa fata kai tsaye. Samun ƙanƙarar ma wani aiki ne a ranakun da aka ɗauke wuta, sai yara sun zagaya gidajen masu sayarwa. Da na nuna damuwa kan ranar da ba a samu ba, wani ma'aikacin jinya maƙwabcinmu ya kwantar mini da hankali. Ya ce wannan tsari na hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa wani likitan 'yan wasa ne a Amurka, Gabe Mirkin, ya yaɗa shi a 1978, kuma shi da kansa ya dawo a 2014 ya ce yawan ƙanƙara da dogon hutu na iya jinkirta warkewa. Dalili shi ne kumburin nan da muke gani kamar shi ne cutar, yana cikin aikin gyara. Jiki ne ke buɗe hanya ga fararen ƙwayoyin jini su isa wurin, su cinye ƙwayoyin cuta da mataccen nama, su kuma kira masu ginin sabon nama. Ƙanƙara rage raɗaɗi take yi, ba ita ke haɗa jijiya ba. Saboda wannan dalilin ne ma wasu likitoci ba sa son a dinga ɗura magungunan hana kumburi a kwanakin farko ba tare da bukata ba.

Wankin ciwo a CSI na ci gaba da yi, domin ya fi kusa kuma ya fi sauƙin kuɗi, ana biyan 'yan ɗaruruwa a kowane zuwa idan mutum ya riƙo kayansa. Wanda ya yi sammako yakan fito da wuri, wanda ya bari rana ta take kuwa sai ya tarar da layin mata masu goyo. A zuwan farko gefen ɗinkin ya yi ja ya ɗan tasa, na tsorata na ɗauka ya ruɓe. Majo ya ce wannan ja na kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, ya kuma lissafa mini abin da zai sa in dawo ko da dare ne: ciwon da ke ƙaruwa bayan kwana na 3 maimakon raguwa, zugi, mugunya, wari, zazzaɓi, jan da ke yaɗuwa yana hawa sama, ko fitowar kaluluwa a matsematsi. Ya kuma sa aka auna mini sukari, domin ciwon sukari na daga cikin manyan abubuwan da ke hana rauni rufewa, kuma mutane da yawa ba sa sanin suna da shi sai ciwo ya ƙi warkewa. Shan taba ma haka, saboda yana tsuke hanyoyin jini ya rage iskar da ke isa ga nama.

Kurjewar gwiwa ce ta ba ni damar ganin aikin jiki da idona, tunda ita a buɗe take ba a ɗinke ba. Bayan 'yan kwanaki sai wani nama ja mai ɗanshi da ƙananan gudaje ya fara cika wurin daga ƙasa, wanda ke zubar da jini da an ɗan taɓa shi. Majo ya ce shi ne sabon nama mai cike da sababbin hanyoyin jini, kuma ganinsa alamar alheri ce. Daga gefe kuma wata siririyar fata mai haske ta riƙa matsowa tsakiya, girman ciwon yana raguwa. A gida ana ta cewa in buɗe shi ya sha iska ya bushe, a asibiti kuma ana rufe shi da auduga mai maiƙo. Na tambayi dalili, aka ce tun 1962 wani mai bincike a Ingila, George Winter, ya nuna cewa sabuwar fata ta fi saurin rufe ciwon da aka bari da ɗanshi a rufe fiye da wanda ya bushe ya yi ɓawo, domin a ƙarƙashin ɓawo sai ta kutsa ta ƙasa kafin ta wuce. A garinmu mai ƙura da ƙudaje kuwa, rufewar tana da wani amfani na biyu da ba sai an faɗa ba. Batun alwala na kai wa limamin unguwarmu, ya ce shafa a kan ɗauri ya halatta ga mai rauni, sallah kuma na yi ta a zaune a kan kujera.

Abinci ma an yi mini maganarsa, kuma ba abin da ya fi ƙarfin kasuwarmu. Sabon nama da abinci mai gina jiki ake yin sa, wato wake da ƙwai da nono da gyaɗa da nama in an samu, sannan jiki na bukatar bitamin C domin ya haɗa zaren da ke ƙarfafa tabo, kuma ana samunsa a lemu da gwaba da tumatir da ƙwame na 'ya'yan kuka. Wata gwaggona ta ce mai rauni ba ya cin ƙwai da gyaɗa wai suna sa mugunya, na saurare ta da ladabi na ci gaba da ci, domin mugunya ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta. Zaren ɗinki kuwa a ƙafa akan bar shi kwana 10 zuwa 14, ya fi na fuska daɗewa, wanda akan cire cikin kwana 5 ko makamancin haka saboda yawan jinin da ke isa can. Cirewar ba ta da zafin da na yi ta fargaba.

A nan ne mafi yawan mutane ke ɗauka sun warke, kuma a nan ne mataki mafi tsawo yake farawa. Da na koma wurin likita da karne da hoton, fata ta rufe, kumburi ya sassauta, ina takawa ba sanda, amma ƙafar ta yi tauri kuma in na taka tsakuwa sai in ji kamar za ta sake juyawa. Ya rubuta mini takarda zuwa sashen gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, wanda a nan aka fi sani da kine, inda ake biyan kuɗi a kowane zama a kuma ba mutum ranar dawowa. Ma'aikacin da ya karɓe ni ya ce zaren da jiki ke zubawa a wurin rauni da farko a hargitse yake, sai an riƙa motsa gaɓar ana ɗora mata nauyi daidai gwargwado kafin ya jeru ta fuskar da ake jan sa, kamar yadda masaƙi ke miƙe zarensa kafin ya fara saƙa. Wannan jeruwa tana farawa ne wajen mako na 3, lokacin da ƙarfin tabo bai wuce kusan kashi 20 cikin 100 na lafiyayyar fata ba, ta kuma ci gaba har shekara guda ko fiye, kuma ko a ƙarshe tabo ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100. Jijiyar gaɓa ta fi fata nawa saboda jinin da ke isa gare ta kaɗan ne.

Atisayen ba su da wani kayan aiki na musamman. Na fara da rubuta haruffa a iska da babban yatsa, da jawo tafin ƙafa da tawul, sannan turawa da jawowa da robar tsohon tib na keke, sai ɗagawa a kan 'yan yatsu ina dafe da bango. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne tsayuwa da ƙafa ɗaya. Da lafiyayyar ina tsayawa ba wahala, da mai ciwon kuwa sai in riƙa tangaɗi, in na rufe ido abin ya fi muni. Ya bayyana mini cewa a cikin jijiyoyin gaɓa akwai ƙananan masu kai saƙo da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa take a kowane lokaci, kuma targaɗe yana lalata wannan saƙo, shi ya sa wanda ya taɓa targaɗe ya fi saurin sake yi idan bai horar da ƙafar ba. Ƙa'idar da ya ba ni ita ce ɗan ciwon da ke wucewa bayan atisaye ba laifi, amma wanda ya kwana ya wayi gari da sabon kumburi yana nuna an wuce gona da iri, a rage. Zaman tahiya da tsuguno su ne na ƙarshe da suka dawo mini, watanni bayan ranar da mutane suka daina yi mini sannu.

Wanda ya samu kansa a irin wannan hali, ruwa mai tsabta da dannewa da ƙyalle mai tsabta sun isa har ya kai asibiti, kuma ya kai da wuri saboda ɗinki yana da lokacinsa. Ya tafi da ɗan rakiya da tsabar kuɗi, ya haɗa karne da takardar turawa da rasit da hoto a leda guda, domin a kowane mataki sai an tambayi na baya. Kada ya tsorata da kumburi da ja na kwanakin farko, amma ya riƙe alamomin ruɓewa a ransa, ya kuma tuna da allurar tetanos ta gaba. Kasafin kuɗinsa da na lokacinsa kuma su haɗa da kine, domin na ga mutane da dama a wurin da suka tsallake wannan mataki a targaɗen farko suka dawo da na biyu ko na uku a ƙafa guda. Idan bayan makonni 6 ƙafar tana ci gaba da juyawa ko ciwon bai ragu ba, likita ya ce a koma a sake dubawa. Haka nan wanda ya ga tabonsa yana tasowa yana ƙaiƙayi yana wuce iyakar inda aka yanke, abin da ya fi yawa a masu baƙar fata irinmu, ya nuna wa likita tun yana ƙarami, kada ya kai wa wanzami ya yanke, domin irin wannan tabo in an yanke shi haka kawai yakan dawo ya fi na da girma.